Sandar gora da na saya a gwanjo, da yadda na gano shekarunta

Tun ina yaro nake fatsa, amma sandar da na sani ita ce reshen da za ka sara, ka ɗaura masa zare da ƙugiya. Sai da zama ya kai ni Newcastle, a arewa maso gabashin Ingila, na ga sandar da ake ƙerawa da gora kamar aikin agogo. A wata kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi na tsince ta cikin tsohon kube na yadi, gaɓa uku, ƙafa tara. Mai ita ya ce ta Hardy ce, kuma ba a taɓa canja mata komai ba. Na ga sunan da idona, na biya ban ko taya ba.

Sunan kam ba ƙarya ba ne. Gidan Hardy yana garin Alnwick, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda nake, kuma tun 1872 suke sana'a. A saman mariƙin an rubuta Palakona da baƙar tawada, rubutun hannu da ya nannaɗe jikin sandar, wato sunan da suke kiran sandunansu na gora. A ƙarfen gindi akwai lamba da ta fara da harafin E. Na gwada ta da jadawalin lambobin da masu tara kayan Hardy ke amfani da shi, ta faɗa cikin shekarun 1930. Na yi murna ƙwarai, na ɗauka bincike ya ƙare.

Wani dattijo mai gyaran sanduna ne ya dawo da ni hanya. Bai kalli rubutun ba sam. Gaɓoɓin uku ya jera a kan benci, ya daidaita gindinsu, sai ga ta ƙarshe, siririyar, ta gaza 'yan uwanta da inci biyu. Ya ce a irin wannan sanda tsawonsu ɗaya suke fitowa, duk wadda ta gaza to ko ta taɓa karyewa, ko baƙuwa ce. Daga nan ya miƙo mini madubin ƙara girma.

A nan ne na fara ganin sandar da gaske. Ba gora ɗaya ba ce. Tsaga ta ake yi, a feƙe tsinke shida masu kusurwa uku, a manne su su zama sanda mai fuska shida. Gorar da aka fi so ita ce ta Tonkin, wadda ake nomawa a kudancin Sin, saboda kaurin jijiyoyinta. Kowane tsinke yana da idonsa, inda gora ke yin gaɓa, kuma maƙeri ba ya bari idanun su haɗu wuri ɗaya don kada sandar ta yi rauni a nan. Kowane gida da yadda yake rarraba su. A gaɓar gindi da ta tsakiya tsarin iri ɗaya ne. A siririyar kuwa daban yake, launinta ma ya fi haske. Zaren da ya ɗaure zobbanta, waɗanda zaren fatsa ke bi ta cikinsu, kuma yana ƙyalli, a tsaye yake kamar nailan, alhali na sauran siliki ne da ya sha banish har ya koma ruwan zuma, kana hango ƙafar zoben ta cikinsa. Nailan bai shiga kasuwa ba sai ƙarshen shekarun 1930, don haka wannan ɗaurin na baya ne. Wani ne ya rasa siririyar asali, ya samo wata ya haɗa.

Raina ya ɓaci, musamman da na tuna da bakin da aka ce mini ba a taɓa ta ba. Amma kuskuren da ya fi damuna nawa ne. Kafin in je wurin dattijon na ga banish ɗin ya dushe, na sa tsumma da man goge fenti don ta yi kyau. Rubutun tawadar a ƙarƙashin banish yake kwance, kuma na cinye rabin harafin farko kafin in ankara. Abin da ya kusa shekara casa'in yana nan, na kusa shafe shi a minti biyu. Har yau in na kalli wurin sai in ji ba daɗi.

Yanzu in sanda ta zo hannuna, tsawon gaɓoɓi nake fara aunawa, sannan idanun gora, sannan zare. Nakan zare mahaɗin ƙarfen da ke haɗa gaɓa da gaɓa in saurara: mai lafiya yana fita da ɗan sauti, fop, wanda ya saki kuwa shiru yake zamewa. Nakan murɗa gaɓa a hankali kusa da kunnena, in na ji ƙas-ƙas to mannen ya saki daga ciki. Lamba da suna sai a ƙarshe.

Tawa ban sayar da ita ba, ban kuma sake shafa mata komai ba sai busasshen tsumma. Da baƙuwar siririyarta na kama kifin trout biyu a kogin Coquet a bazarar da ta wuce. Na manna 'yar takarda a cikin kuben, na rubuta cewa gaɓa ta uku ba ta asali ba ce, domin wanda za ta faɗa hannunsa bayana.