Abin da Neman Dangin Yara Ya Koya Mini a Gusau

Yaron da ya tsere wa harin 'yan bindiga shi kaɗai ba kasafai yake riƙe lambar waya a ka ba. Aikin kula da yaran gudun hijira a ikilisiyarmu ne ya koya mini haka. Ka ce masa, "Ɗana, ka san lambar Baba?" sai ya sunkuyar da kai. Amma tambaye shi ranar da kasuwar garinsu take ci, ko laƙabin maigari, ko sunan mai shayin bakin tasha, nan da nan baki zai buɗe. Da waɗannan guntayen bayanai muke haɗa saƙon murya, mu tura wa direbobin da ke bin hanyar Ɗansadau, Tsafe da Anka. Murya ta fi rubutu nisan zango, tunda ba kowa ke karatun boko ba.

Hoto ne ba ma turawa. Masu kyakkyawar niyya sukan ce a baza fuskar yaro a WhatsApp da Facebook don a gane shi da wuri. Ni dai ban yarda ba, kuma na sha jayayya a kai. Duk ɗan Zamfara ya san akwai masu kai wa ɓarayin daji rahoto, kuma hoton da zai isa hannun kawu zai iya isa hannun wanda ya tarwatsa gidan. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce ɗansa ne, sai ya faɗi abin da ba mu sa a saƙo ba: tabon ƙuna a ƙafa, sunan yayarsa, abin da Inna take kiransa. Sannan a ja yaron gefe a ji ta bakinsa.

Idan alamu sun nuna dangi sun ƙetara zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda dubban mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina suka yi ta gudu tun 2019, abin ya fi ƙarfin wayarmu. Mukan miƙa wa ƙungiyar Red Cross, mai tsarin haɗa iyalai har ƙetaren iyaka.

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar. Littafin rajistar da matan Zumunta, ƙungiyar matan ikilisiya, suke cikawa da biro, shi ya riƙe aikin, saƙo kuma ya koma takarda a aljihun direba. Tun daga nan komai sau biyu muke rubutawa.

Yawancin yaran nan Musulmi ne. Wasiƙar Yakubu a Littafi Mai Tsarki ta ce a kula da marayu cikin wahalarsu, ba ta gindaya sharaɗi ba. Amana ce iyayen da ba su san mu ba suka bari a hannunmu, don haka lokacin salla ya yi, buta da tabarma suna nan, kuma wani dattijo maƙwabcinmu ne yake tafiya da manyan cikinsu masallacin Juma'a.