Da Gaisuwa Aka Cire Ni

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki. Duk wanda ke sashenmu ya san lokacin da aka kawo sabuwar manhajar lissafi, amma ba kowa ya san an cire sunana daga jerin masu zuwa horo ba. Da na tambayi shugaban sashe, har rusunawa ya yi: "Baba, ai ku kun yi naku, ku huta, yara su ɗauke muku wahala." Ba zagi, ba tsawa, ba abin da zan sa a takardar koke. Da lokacin tantance ma'aikata ya zo, shi ɗin ne ya rubuta cewa na kasa tafiya da sabon tsari.

A hana ka koyo da sunan tausayi, a dawo a hukunta ka kan rashin sani. Wannan ita ce wariyar shekarun da na gani, kuma wuyar kamawa gare ta. Amurka ta yi dokar kare ma'aikata masu shekara 40 zuwa sama tun 1967, to amma wace kotu ce za ta saurari ƙarar murmushi? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum ɗaya cikin biyu yana da irin wannan raini ga tsofaffi, ke nan shugaban nawa ba shi kaɗai ba ne. Hakan bai wanke shi a wurina ba.

Abin tsoron shi ne mutum ya yarda da masu raina shi. Binciken Becca Levy ta Jami'ar Yale a 2002 ya nuna masu yi wa tsufansu kyakkyawan zato sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara bakwai da rabi. Ni dai manhajar na koye ta bayan tashi aiki, wata matashiyar abokiyar aiki tana nuna mini. Yau sababbin ma'aikata teburina ake turo su.

Sauran darussan gajeru ne. Nemi horo a rubuce. Kada ka ce "na tsufa da wannan", ko da wasa, za a riƙe maka. Matasa ma ana danne su da "ba ka da gogewa", kada ka taya. In kana kwamitin ɗaukar ma'aikata, rufe shekarar haihuwa kafin ka karanta takardar mutum. Na kawo shawarar a zamanmu na ƙarshe, shugaban ya ce za a duba.