Sefar Garwa ba ta ci a Damagaram

Na dawo daga Damagaram sati uku kenan amma wallahi har yanzu in na tuna ɗan canjin nan sai raina ya ɓaci.

Kakana daga Damagaram ya zo Garwa ta Kamaru da fatauci, a nan ya yi aure a nan aka rufe shi, tun muna yara muke jin labarin unguwannin Birni da Zango a bakin tsohuwarmu, shi ne bana na ce sai na je na gani da idona. In ka duba taswira sai ka ga kamar Nijar tana bayan gidanmu tunda duk tafkin Chadi ya haɗa mu, amma Kamaru ba ta da iyaka da Nijar ko taku ɗaya, kuma hanyar Diffa kowa ya san halin da take ciki. Sai na bi ta Yola, Gombe, Kano, Daura, na tsallaka ta Kwangwalam, Matamaye, sai Zinder, wato Damagaram. Hanya lafiya lau.

Na canza na mota kawai zuwa naira a Yola, sauran sefa jaka ɗari biyu na ɗaure a lalita, a tunanina ai sefa sefa ce. Na sauka tasha, ɗan kabu-kabu ya kai ni Birni, na miƙa masa jaka ɗaya, ya juya ta gaba da baya ya ce "Alhaji wannan ba kuɗinmu ba ne." Na ɗauka wasa yake. Ashe tamu ta bankin BEAC ce, wadda muke ci da Chadi da Gabon da sauransu, tasu ta BCEAO ce irin ta Mali da Senegal. Daraja ɗaya ce cif, kowacce 655.957 ne yuro ɗaya, amma ko mai shayi ba zai karɓa ba. Ɗan canjin da aka kai ni wajensa ya ga baƙo ne kuma magariba ta kawo jiki, ya yanke jaka ɗaya a kowace goma. Jaka ashirin ta tafi haka nan, ina ji ina gani. A Kano fa na kwana, Wapa tana nan, 'yan canji birjik, da na tambayi mutum ɗaya tak da an faɗa min.

Dangin kakana kam sun karɓe ni hannu bibbiyu. Wani dattijo cikinsu ya riƙe hannuna ya ce "ɗana taso ka ga garin kakanka," muka zaga ƙofar fada da lungunan Birni da manyan duwatsun nan da gidaje suka rakuɓe a jikinsu, ya nuna min guntayen ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, wanda har igwa aka ƙera masa a garin. Ya ba ni labarin yadda aka kashe Bafaranshe Cazemajou a 1898 zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, shekara na zagayowa sojan Faransa suka ci garin. Ban taɓa sanin Zinder ce babban birnin Nijar a da ba, sai a 1926 aka mayar Yamai, mai nisan kusan kilomita 900. Na ce Baba to me ya sa, ya ce ruwa ɗana, can suna da kogin Kwara, mu nan dutse ne. Ni da na tashi a bakin Binuwai sai da na ga yara da jarkoki a layin famfo tun asuba sannan na gane maganarsa.

Duk wanda zai tashi daga Garwa ko Marwa ko Njamena, ya canza sefarsa tun a gida ko a Kano inda zai iya tayawa wajen mutum uku huɗu, kar ya bari sai ya sauka da yamma ba kuɗin kwana. Jaka ashirin ɗin nan dama ita na ware wa tsohuwa, ta ce in sayo mata kilishi da takalmin fata na Zango irin wanda babanta yake sawa. Kilishin kawai na iya kawo mata.