Kafin ku buɗe akwatin ƙarancin iska

Ƙannena masu shigowa binciken cututtukan fangas, a kowane gwaji ku fara tambayar kanku yawan oksijin ɗin da fangas ɗinku yake samu. Iskar ɗaki tana ɗauke da kashi 21 cikin ɗari. A cikin naman jikin mutum abin bai kai haka ba ko kusa. Inda kuwa cuta ta kafa sansani, jijiyoyin jini suka toshe, nama ya mutu, ƙwayoyin garkuwar jiki suka yi cincirindo suna wawason ɗan abin da ya rage, yakan sauko wajen kashi ɗaya ko ƙasa da haka. Na daɗe ina renon Aspergillus fumigatus, wani fangas mai kama huhu, a faranti cikin iskar ɗaki, ina auna ƙwayoyin gadonsa, ina ɗauka haka yake yi a huhun majinyaci. Ashe wata rayuwa ce dabam nake aunawa.

Dalilin da ya sa fangas ba ya wasa da ƙarancin iska yana cikin fatar da ke kewaye da ƙwayarsa. Akwai wani maiƙo a jikinta, ergosterol, wanda ƙera ƙwaya ɗaya tak tasa ke cin ƙwayoyin oksijin 12. Da iska ta ja baya, maiƙon nan sai ya fara ƙaranci, shi kuma fangas ta nan yake gane halin da ya shiga. A lokacin ne yake ɗaga aikin ƙwayoyin gadon da ke ƙera ergosterol, da masu jawo sinadarin ƙarfe, da masu narka sukari ba tare da dogaro da iska sosai ba. Ni da fari HIF na tafi nema, wato furotin ɗin da jikin ɗan Adam ke amfani da shi, wanda binciken da aka yi a kansa ya jawo wa Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019. Fangas ba shi da shi, kada ku ɓata lokacinku kamar yadda na ɓata. A 2005 ɗakin binciken Peter Espenshade ya nuna cewa wani furotin mai suna Sre1 ne ke wannan aikin a fangas ɗin Schizosaccharomyces pombe, a 2007 aka same shi a Cryptococcus neoformans, a 2008 kuma ɗakin Robert Cramer ya bayyana ɗan'uwansa SrbA a Aspergillus fumigatus. Da aka cire SrbA, fangas ɗin ya kasa tsiro a kashi ɗaya na oksijin, ya kasa kashe ɓeraye, har maganin fangas ɗin nan fluconazole da a da ba ya jin sa ya fara cin sa. Candida albicans kuma tata hanyar dabam ce, da furotin Upc2 da Tye7 take aiki, don haka abin da kuka gani a wani kada ku jingina wa wani.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai ya zo ne bayan na sami akwatin ƙarancin iska. Irin wanda ake zura hannu ta safar roba ne, allonsa yana nuna kashi ɗaya. Na amince da allon nan fiye da kima. Ruwan abincin da nake zuba fangas a ciki daga kan tebur nake ɗauko shi, cike da narkakkiyar iska, allon kuwa iskar akwatin yake aunawa, ba ta cikin ruwan ba. Sannan idan lokaci ya cika, sai in fito da kwalaben, in taka da su zuwa wurin tacewa, in wanke, in matse da takarda, sai daga baya in jefa cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi don ya daskare. Duk tsawon wannan kai da kawowar fangas yana shan iskar ɗaki, yana sauya saƙonnin RNA ɗinsa, wato saƙonnin da ƙwayoyin gado ke fitarwa idan suna aiki, wasu kuwa cikin mintuna suke hawa ko su faɗi. Sakamakon yau ba ya kama da na jiya, ni kuma ina zargin na'ura. Ku ajiye ruwan abincin a cikin akwatin tun dare kafin gwaji. Ku tace a ciki, ko in ba hali, ku kawo naitirojin ɗin bakin ƙofar akwatin ya zama daga hannu sai daskarewa. Ku rubuta mintunan da aka ɗauka a littafin aiki.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Duk mai auna ƙwayoyin gado yana buƙatar guda ɗaya da ba ta motsi, wadda zai gwada sauran da ita. Na zaɓi GAPDH don kowa ita yake zaɓa. To amma ita kanta tana cikin jerin masu narka sukari, waɗanda ƙarancin iska ke iya ɗagawa. Mudun awon nawa yana girma tare da hatsin, sai na ga kamar wasu ƙwayoyin gadon ba su tashi ba, wasu ma kamar sun sauka. Sai da wata babbar malama ta dubi alƙaluman, ta ce: "Ita wannan da kake awo da ita, wa ya auna ta?" Tun daga nan ba na amincewa da guda ɗaya, sai na gwada biyu ko uku a irin yanayin gwajin nawa na tabbatar ba su gusa ba.

Abin da ya sa nake nanata wannan, magungunan ajin azole, irin su fluconazole, ergosterol ɗin nan suke hana ƙerawa, wato daidai hanyar da fangas ke ƙarfafawa idan iska ta yi ƙasa. Idan Aspergillus ya yi kauri ya dunƙule, can ƙasan dunƙulen iska takan ƙare ko da samansa na shan iska, kuma an nuna hakan na taimaka masa jure magani. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 masu haɗari, ta sa Aspergillus fumigatus da Candida albicans da Candida auris da Cryptococcus neoformans a sahun gaba. Masu kamuwa da su galibi waɗanda garkuwarsu ta yi rauni ne, masu jinyar daji, da waɗanda aka yi wa dashen gaɓa, da masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Idan za ku gwada sabon magani dominsu, ku shirya faranti biyu, ɗaya a iskar ɗaki, ɗaya a cikin akwatin.