Tsohon kilabiye mai zagayen kai da na USB, da dalilin da yasa ban yar da nawa ba

Jiya da la'asar ɗan ƙanwata da ke taya ni aiki a shago ya jawo wani tsohon kilabiye wato kibod na kwamfuta daga ƙarƙashin tebur duk ya sha ƙura, zai haɗa shi da tarkacen da za mu ba masu sayen ƙarfe, yace min "Kawu wannan fa ba inda za a soka shi, kansa ma ba irin na yanzu bane." Nace a'a ajiye min abuna. Yawancin yaran da ke shigowa siba wato shagon kwamfuta da intanet a nan Garwa ta Kamaru basu taɓa ganin irinsa yana aiki ba, shi yasa nace bari in ɗan yi bayani.

Kan nan mai zagaye sunansa PS/2, kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987. In ka leƙa cikinsa za ka ga 'yan tsinkayen ƙarfe guda shida, amma huɗu ne kawai ke aiki, biyu na wuta biyu na saƙo. A bayan kwamfutar tebur ta da ramuka biyu ne iri ɗaya, mai ruwan shunayya na kilabiye, kore kuma na suri wato maus. Kafin PS/2 akwai wani babban kai mai tsinke biyar, shi kam ni ma sau ɗaya na taɓa riƙe shi a hannu. USB kuma a 1996 ya zo, ya ɗau 'yan shekaru kafin ya cinye kasuwa.

Yadda suke magana da kwamfuta ma ba ɗaya bane. PS/2 kana danna harafi shi ne yake yi wa kwamfuta sallama nan take ta bar abinda take ta amsa. USB kuwa ita kwamfutar ce ke ta zuwa tana tambaya ko akwai saƙo, a kilabiye na yau da kullum sau 125 a daƙiƙa ɗaya, na masu wasan gem sau 1000 ko ma fiye. Wasu na cewa wai saboda haka tsohon yafi sauri, toh a takarda haka ne amma wallahi ni da nake buga dosiye daga safe har magariba yatsana bai taɓa jin bambancin ba. Haka zancen wai kilabiyen USB na yau da kullum baya karɓar danna maɓalli sama da shida lokaci ɗaya, wannan damuwar masu gem ce.

Inda ya min rana shi ne lokacin dosiyen konkur, wato takardun shiga jarrabawar neman gurbin makaranta ko aiki. Na sayi inji okaziyo wato na hannu da aka kawo daga Duwala, tsohuwar firintata kuma da Windows 7 kawai take yarda, sai na fara sa shi, ana isa wurin zaɓar harshe kilabiye ya mutu suri ya mutu, na sauya rami na sauya rami duk shiru, ga ɗalibai sun cika benci da takardunsu a hannu ga zafin watan huɗu ga tsoron kar a ɗauke wuta kafin in gama. Abinda ya faru shi ne yawancin injinan da aka ƙera daga 2015 zuwa sama tsarin USB 3.0 ne ke tuƙa ramukansu, shi kuma faifan Windows 7 bai san shi ba tunda na 2009 ne. Allah ya taimake ni injin yana da ramin zagaye a baya. Na kashe, na soka tsohon nan, na kunna, da maɓallin Tab da Enter kaɗai na ƙarasa aikin.

Amma fa yana da halinsa. Ba'a soka shi kwamfuta na kunne, sau da yawa bazai kama ba sai ka kashe ka sake kunnawa, a tsofaffin injina ma yana iya lalata ramin. Kuma in ka tura shi a karkace tsinke ɗaya ya lanƙwashe shikenan, na taɓa zama da fitilar waya a baki ina miƙe tsinke da allura a hankali kar ya karye. Laftop kuma yanzu babu mai wannan ramin. Don aikin kullum USB nake sa wa duk injinan shago, ka cire ka mayar yadda kake so, yaro ma zai iya.

Dan Allah ku kula da ƙaramin adafta ɗin nan da ake sayarwa a kasuwa, mai kai biyu babu komai a cikinsa sai waya. Shi yana aiki ne kawai in kilabiyen da kansa ya iya yaren PS/2 da na USB duka biyu. In tsohon PS/2 zalla kake so ka sa a ramin USB, nemi mai ɗan akwati a tsakiyar waya, shi ke da abin fassara a ciki. Mutane da yawa sun zo min suna cewa kilabiye ya lalace alhali adafta ne.

Mara waya kuma yana da daɗi in kana da kuɗin pil wato batir, mai ɗan kai da ake sokawa a USB yafi min Bluetooth, don na Bluetooth galibi baya shiga BIOS, wato shafin saitin inji da ake shiga kafin Windows ya tashi. Kuma kar a haɗa wannan da zancen AZERTY namu na Faransanci da QWERTY da ke shigowa daga Najeriya, wancan jerin haruffa ne, ba ruwansa da kan waya.

Yaron dai na sa shi ya goge shi da burushi ya naɗe wayar, yanzu yana cikin durowa ta ƙasa kusa da faifan Windows 7 ɗin.