Ashe kunne ne, ba linzami ba

Shekara biyu ina jin autana yana cewa "luwa" maimakon ruwa, "sinsiya" maimakon tsintsiya, kowa a gida sai ya ce tsamin baki ne zai wuce. Har Inna ta so a kira wanzami ya yanke masa linzami, ni dai na ce a bari tukun.

Da ya shiga aji ɗaya yana shekara 6 ne hankalina ya tashi, malamarsu ta nuna min littafinsa, duk inda aka yi musu shifta aka ce ƙafa shi kafa yake rubutawa, ɓera ya koma bera, wallahi sai da na ji ƙwalla. Muka je asibiti aka gwada jinsa, ashe ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa tun ciwon kunnen da ya sha yana ƙarami, sautin ba ya isa gare shi sosai balle ya faɗa daidai ko ya rubuta.

An yi magani, kullum bayan magariba muna zama gaban madubi yana kallon bakina. Jiya ya ce "Umma ba ni ruwa", ra ɗin ta fito tas. Alhamdulillah.