Ƙarfen injin niƙa da ya koya mini haɗa zane da lissafi

Wani mai walda a unguwarmu ne ya jawo mini wannan aiki. Yana haɗa injinan niƙa, kuma ƙarfen da ke riƙe da injin dizal ɗin kullum a kusurwa yake tsagewa. Ya ce mini, "Injiniya, ba sai a ƙara masa kauri ba kawai?" Na ce ya bari in duba tukuna.

Na zana ƙarfen a manhajar zane ta SolidWorks, na fitar da shi a fayil ɗin STEP, wanda ake kai zane da shi daga wata manhaja zuwa wata, na buɗe a ANSYS Workbench, manhajar da ke lissafa matsin da nauyi ke yi wa ƙarfe. Na so in gwada kauri uku, milimita 6, 8 da 10, kowanne da lanƙwasar kusurwa iri uku. To, STEP siffa kaɗai yake ɗauka, awon da nake canzawa can yake bari. Ke nan sau tara zan gyara zane, in fitar, in sake ɗora nauyi. A zagaye na huɗu aka ɗauke wuta, ni ma haƙurina ya ƙare.

Ashe akwai hanya. Idan an haɗa manhajojin biyu kai tsaye, Workbench yana shigo da duk awon da sunansa ke ɗauke da haruffan DS. Sai na sake wa nawa suna: DS_kauri, DS_lankwasa. Nan take suka bayyana a teburi, na cika layuka tara, na danna, na tafi masallaci.

Da na dawo, wata lamba ta ƙi kwanta mini. Matsin da ke kan ƙarfe mai milimita 10 ya fi na mai 8. Na ɗauki biro. Idan ana tanƙwara faranti, matsi yana raguwa ne da murabba'in kauri, don haka daga 8 zuwa 10 ya kamata ya sauko zuwa kusan kashi 64 cikin ɗari. Maganar hawa kuwa ba ta taso ba.

Laifina ne. Tun a zane na ɗaure tsawon wani ƙarfen tokara da kaurin farantin, na kuma manta. Da kauri ya kai 10, tokarar ta miƙe ta raba fuskar da nauyi ke zaune a kai gida biyu. Ni kuwa da linzamin kwamfuta na zaɓi fuskar. Nauyin gaba ɗaya ya maƙale a ɓangaren da ya fi nisa da kusurwa, kamar mutum ya koma ƙarshen reshe ya zauna. Manhaja ba ta yi ƙorafi ba, tunda lissafin da na ba ta ta yi.

Yanzu ina raɗa wa kowace fuska mai ɗaukar nauyi suna, ba na dogara da danna linzami. Kafin in saki teburi kuma, sai na buɗe zane mafi ƙanƙanta da mafi girma da idona, in ga inda kibiyar nauyi ta sauka.

Da na gyara, sai ga shi faɗaɗa lanƙwasar ya fi ƙara kauri rage matsi a daidai inda yake tsagewa. Mai walda ya yi na milimita 8 da kusurwa mai faɗi, yana ta mitar cewa lanƙwasa irin wannan tana cinye masa lokaci.